Dokar Haƙƙin Mallaka: Saura Ta Iso Badariya

A ranar 17 ga watan Maris na 2023 ne Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta soke tsohuwar dokar da aka yi ta aiki da ita tun 1988. Lauyoyi da manyan mawaƙa na Ikko da Abuja sun yi marhabin da ita, kuma ba shakka ta cancanci marhabin. Amma fa doka ba ta yi wa talaka rana sai ya san da zamanta, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in an zalunce shi. In aka auna ta da wannan ma'auni, to, akwai sauran tafiya mai nisa tsakanin Abuja da unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, balle kuma bakin Matan Fada a Argungu.

Wannan ba shi ne karo na farko da aka gyara dokar ba. Dokar Ingila ta 1911 ce Turawa suka shimfiɗa wa ƙasar nan a 1912, ta kuwa zauna daram har bayan samun mulkin kai, sai a 1970 gwamnatin Janar Gowon ta sauya ta da Dokar Soja mai lamba 61. Ita ma ba ta hana ɓarayin faifai da kaset cin karensu babu babbaka ba, har mawaƙa suka fita zanga-zanga a Ikko a 1988, gwamnatin Janar Babangida ta kafa Dokar Soja mai lamba 47. Wannan ita ce ta haifi hukumar da a yau ake kira Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1989. An yi wa dokar kwaskwarima a 1992 da 1999, amma duk an yi su ne a zamanin kaset da rikoda, lokacin da mai satar waƙa ke bukatar ɗaki da injin da mota. A 2017 Nijeriya ta amince da yarjejeniyoyi huɗu na hukumar duniya mai kula da haƙƙin fasaha, waɗanda suka shafi intanet, da 'yan wasa, da kuma makafi, sai ya zama tilas a rubuta sabuwar doka da za ta dace da su.

To, yau mai kwafar waƙa ba ya bukatar ɗaki ko mota. Tebur ɗaya da kwamfuta ɗaya sun ishe shi. Duk wanda ya ratsa Badariya ko Babbar Kasuwar Birnin Kebbi, ko tashar mota ta Jega ko ta Kamba, ya san rumfunan masu tura waƙa da fim a waya. Mutum ya miƙa memori, ya biya abin da bai taka kara ya karya ba, a cika masa shi da waƙoƙin fada, da na noma, da na dambe, da karatun malamai, da finafinan Kano. Daga nan ya tura wa abokinsa kyauta, abokin ya tura wa goma, kafin mako ya zagayo abin ya tsallaka iyaka ya isa Gaya da Doso. Kobo ɗaya daga cikin wannan ciniki ba ya komawa gidan wanda ya yi waƙar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Masu shirya finafinan Hausa sun riga kowa ɗanɗana kuɗar wannan hali. Kasuwar faifan bidiyo da ta riƙe su shekara da shekaru a Ƙofar Wambai ta Kano ta durƙushe, har yawancinsu suka koma yin finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshin telebijin irin su Arewa24. Marubuta littattafan hikaya, waɗanda yawancinsu mata ne, su ma sun bar maɗaba'a sun koma sayar da labari babi babi ta WhatsApp, inda mutum ɗaya kan biya, sa'an nan ya watsa wa ɗaruruwa.

Me doka ta ba waɗannan mutane? Abu na farko, kuma wanda jama'a da yawa ba su sani ba, shi ne haƙƙin mallaka ba ya jiran rajista. Da zarar mutum ya ƙagi waƙa ko labari ko zane da basirarsa, aka kuma adana shi a rubuce ko a naɗe, to ya zama nasa. Rajistar da hukumar ke yi hujja ce kawai da za ta taimaka ranar shari'a. Abu na biyu shi ne haƙƙin ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Waƙa da rubutu da zane suna nan a hannun magada har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai su ya rasu. Alal misali, Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, watau waƙoƙinsa na da kariya har ƙarshen 2061. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, nasa sai ƙarshen 2069. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka littattafansa ba za su zama na kowa da kowa ba sai bayan 2051. Haka lissafin yake ga makaɗan ƙasar Kabi da Gwandu da Yawuri, irin su marigayi Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani, da marigayi Muhammadu Gambu na Fagada.

Akwai wani bambanci a nan da ya kamata magada su fahimta, domin a kansa ake yawan cutar su. Waƙa daban, faifan da aka naɗe ta a kai daban. Shi naɗin, kariyarsa shekara 50 ce daga lokacin da aka fitar da shi ga jama'a. Ke nan faifayen garmaho da kamfanoni suka buga a farkon shekarun 1970 wa'adinsu ya riga ya cika. Amma cikar wa'adin faifai ba ta halatta wa kowa waƙar da ke cikinsa ba, muddin shekara 70 ɗin mai waƙar ba su cika ba. Wanda ya ce wa magada wai waƙar ubansu ta tsufa ta zama ta Allah da Annabi, ko dai bai san doka ba, ko kuwa ya san ta yana so ya ci da jahilcinsu.

Dalilin da ya sa makaɗan gargajiya ba su damu da wannan al'amari ba a da, ba boyayye ba ne. Makaɗin fada ba ya sayar da waƙa. Yana yi wa ubangidansa ne, a ba shi doki da riga da hatsi, daga baya aka koma ba da mota da kujerar Makka. Yaɗuwar waƙar ita ce ribarsa, gama ita ke jawo masa gayya. In ma'aikacin rediyo ya zo da rikoda, murna makaɗin ke yi, ba ya tambayar takarda. Wannan tsari ya ciyar da shi yana raye, amma ran da ya kwanta dama kyauta ta yanke, muryar kuwa ta ci gaba da yi wa waɗansu aiki. Su kuma 'yan amshi da masu kotso da kalangu, waɗanda sau da yawa da su ake haɗa ɗiyan waƙar tun daga gida, ko sunansu ba a ambata. Sabuwar doka ta tanadi haƙƙin masu wasa da masu rerawa, sai dai ba ta da yadda za ta yi ta gane su in babu wanda ya rubuta sunayensu tun waɗanda suka san su suna da rai.

Babban abin da sabuwar doka ta zo da shi shi ne sashen da ya shafi intanet. Yanzu sanya aikin wani a intanet yadda kowa zai iya ɗauka, haƙƙi ne na mai aikin shi kaɗai. In ya ga an sa ba da izninsa ba, yana iya aika wa kamfanin da ke riƙe da shafin takardar koke, kamfanin kuwa tilas ya sauke abin, ya kuma sanar da wanda ya ɗora shi, shi ma yana da damar mai da martani. Wanda aka yi ta kamawa da laifin ana iya dakatar da shafinsa. Haka kuma an haramta fasa makullin da ake sa wa littafi ko fim don hana kwafa. Amurka ta kafa irin wannan tsari tun 1998, daga can ne ya bazu duniya.

A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa, tsarin na wanda ya iya Turanci ne, yake da kwamfuta, ya kuma riga kowa kai koke. Manyan shafuna irin su YouTube na'ura ce ke tantance musu sauti, kuma wanda ya fara kai waƙa ya ce tasa ce, shi na'urar ke ɗauka mai ita, kuɗin talla su riƙa zuba a aljihunsa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a wayi gari wani da bai taɓa taka ƙasar Kabi ba ya yi rajistar tsofaffin waƙoƙinta da sunan kamfaninsa, sa'an nan jikan makaɗin ya ɗora waƙar kakansa, a sauke ta a ce masa ya yi sata. Makamin da aka ƙera don kare mai haƙƙi yana iya zama abin dukansa.

Akwai kuma fargabar da masu fafutukar 'yancin intanet ke nunawa, wadda bai kamata a yi watsi da ita ba. Dokar ta ba hukumar ikon toshe shafi ko wani abu da ke cikinsa in ta ga yana keta haƙƙin mallaka. Mutanen ƙasar nan ba su manta ba cewa a 2019 Shugaban Ƙasa ya ƙi sa hannu a kan ƙudurin dokar 'yancin jama'a a intanet da majalisa ta aika masa, kuma daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairun 2022 an rufe Twitter baki ɗaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba wuya ba ne wani mai muƙami da aka ɗauki hoton katoɓararsa ya fake da haƙƙin mallaka ya sa a sauke hoton. Ya wajaba hukumar ta riƙa bayyana wa jama'a kowane shafi da ta toshe da dalilin toshe shi, kuma kada ta mai da ikon nan madadin zuwa gaban alƙali.

Batun horo ma na bukatar hankali. A tsohuwar doka tarar mai sayar da kwafin sata Naira 100 ce a kan kowane kwafi, mai bugawa kuma ba ta wuce Naira 1,000 ba, abin da ya zama abin dariya. Sabuwa ta ɗaga ta zuwa aƙalla Naira 10,000 a kan kowane kwafi ko ɗauri, wanda ya watsa aikin wani a intanet don kasuwanci kuwa aƙalla Naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyu. Wannan ya dace da manyan 'yan fashin littafi da ke buga dubban kwafe na littattafan makaranta su cika kasuwanni da su. Amma yaron da ke zaune a rumfa a Badariya da waƙa dubu biyar a kwamfutarsa, in aka bi lissafin kwafi kwafi, tarar tasa ta kai Naira miliyan 50. Babu mai hankalin da zai ce wannan ne maganin. Yaran nan dubbai ne a Arewa, da sana'ar suke ci da kansu da iyayensu, kuma su ne hanyar da waƙa ke bi ta isa ƙauyen da babu intanet. Kame su ba zai sa ko sisi a hannun magadan Ɗandawo ba. Abin da zai sa shi ne a tattara su cikin ƙungiya, a ba su lasisi, su riƙa biyan wani abu ƙayyadadde a wata, kamar yadda doka ta tanada ga gidajen rediyo da otal ta hannun ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙi. Sai dai su ma ƙungiyoyin, waɗanda hedkwatarsu ke Ikko, sun shafe shekaru suna shari'a a tsakaninsu da hukumar, kuma ba za a amince musu su karɓi kuɗi a Kebbi ba sai sun nuna sunayen makaɗan Kebbi a cikin littafin rabonsu.

Inda al'amarin ya fi shafar jihar nan kai tsaye shi ne sashen da ya yi magana a kan al'adun gargajiya. Tun dokar 1988 aka tanadi kariya ga waƙoƙi da raye-raye da wasanni da sana'o'in hannu da al'umma ta gada kaka da kakanni, waɗanda ba a san mutum ɗaya da ya ƙage su ba, sabuwar doka kuwa ta riƙe wannan tanadi. Ba a yarda a kwafe su ko a nuna su ko a sarrafa su don kasuwanci, ko a fitar da su daga muhallinsu na al'ada, ba tare da izni ba. To, wa ke ba da iznin? Hukumar da ke Abuja. Ba Masarautar Argungu ba, ba Sarkin Ruwa ba, ba Homa ba.

A duba bikin kamun kifi na Argungu. Asalinsa ibadu da al'adun ruwa ne na Kabawa da suka girmi zuwan Turawa, ya kuma ɗauki siffar da aka san shi da ita a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Hoton dubban masunta suna rugawa cikin ruwa da homa da gora yana daga cikin hotunan Nijeriya da aka fi sani a duniya. Yana jikin kalanda da littattafai da tallace-tallace, kamfanonin sayar da hotuna na ƙasashen waje kuma suna cinikinsa a intanet. A doka, hoton na wanda ya ɗauka ne. Masuncin da ya yi nutso ya rungumo giwan ruwa, da makaɗin da ke cikin jirgi yana zuga shi, da gidajen da suka riƙe gyaran ruwa da wasannin kabanci tsawon zamanai, ba su da kaso a ciki. Ba ana cewa a hana baƙi ɗaukar hoto ba ne, gama baƙin su ne armashin bikin, kuma mai ɗauka don tunawa ko don labarai ko don karatu ba shi da laifi. Magana ana yi a kan wanda zai ɗauki kiɗan da wasan ya sa a fim ko talla ya ci riba. In har doka ta ce sai da izni, adalci shi ne masu abin su san an nema, su kuma ga abin da aka biya. Haka ya shafi bikin Uhola na ƙasar Zuru da Rigata ta Yawuri.

Waɗansu na kawo hujjar cewa ilmi na Allah ne, ba a yi masa shinge. Gaskiya ne ƙasar Gwandu ta ginu a kan kwafar littafi da hannu, kuma da ba don almajiran da suka yi ta kwafar rubuce-rubucen Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba, da ba su iso wannan zamani ba. Amma waɗannan almajirai ba su taɓa goge sunan mawallafi su sa nasu ba, ba su kuma yi dukiya da guminsa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, ba ya halatta a keta su. In haka ne, to, dukiya ce da ke shiga cikin gado, ya kuwa kamata alƙalan da ke rabon gadon makaɗa da marubuta su fara lissafa ta tare da gona da gida. Ita ma dokar ba ta rufe ƙofar ilmi ba. Littattafan Malam Abdullahi da na zamaninsa sun daɗe da fita daga kowane wa'adi, kowa na iya buga su. An yarda a ɗebi wani abu daga aikin wani don nazari ko sharhi ko koyarwa, an sassauta wa ɗakunan karatu da na adana tarihi, an kuma halatta juya littafi zuwa rubutun makafi ko sauti ba sai an nemi izni ba. Wannan na ƙarshe alheri ne babba da ya kamata makarantun nakasassu su yi amfani da shi.

Wani abin da dokar ba ta ce komai a kansa ba shi ne ƙirƙirarriyar basira. An gama rubuta ta kafin na'urorin da ke kwaikwayon murya da rubutu su cika duniya. Yau ana iya ciyar da na'ura da waƙoƙin mamaci, ta fito da sabuwa da muryarsa, yana yabon wanda bai taɓa sani ba ko yana zambo ga wanda bai taɓa saɓa masa ba. A ƙasar da waƙa ke ɗaga ɗan siyasa ta kuma kayar da shi, wannan ba abin wasa ba ne, kuma aiki ne da ke jiran 'yan Majalisar Tarayya, har da masu wakiltar Kebbi.

Tsarin mulki ya sa haƙƙin mallaka cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka, shari'arsa kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke yi. Wannan bai zama uzuri ga gwamnatin jiha ta naɗe hannu ba. Dokar da Turanci aka rubuta ta, saboda haka aiki na farko shi ne Ma'aikatar Watsa Labarai da Al'adu ta sa a bayyana ta a rediyo da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dakarci. Ma'aikatar Shari'a na iya keɓe lauya ko biyu da za su riƙa duba wa makaɗa da marubuta takardar yarjejeniya kafin su dangwala hannu, su kuma rubuta wa magada takardar koke in an yi musu kutse a intanet. Masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru su haɗa kai su nemi hukumar ta rubuta musu yarjejeniya a kan al'adunsu, wadda za ta fayyace wanda za a tuntuɓa da kason da zai dawo gida.

Amma abin da ya fi kowanne gaggawa shi ne tsofaffin kaset da faifai. Jihar Kebbi an ƙirƙire ta ne a ranar 27 ga Agusta 1991, ke nan yawancin abin da aka naɗa na makaɗanta kafin wannan rana yana gidajen rediyon Sakkwato da Kaduna, ko a hannun masu sha'awa da suka tara da kuɗinsu. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura, kuma waƙar da naɗinta ya lalace babu dokar da za ta kare ta. Ya kamata gwamnati ta ɗora wa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu aikin nemo su, a juye su a kwamfuta, a rubuta sunan makaɗi da 'yan amshinsa da shekarar naɗi da sunayen magada a jikin kowace waƙa, sa'an nan a kai jerin ga hukumar a yi masa rajista da sunan masu shi. Kuɗin wannan aiki ya kamata ya fito a cikin kasafin shekara mai zuwa.